Zanen da Na Ƙwato a Kurmi

Ranar da muka buɗe akwatin Malam, maigidana, wata biyar ke nan da rasuwarsa. Na riga na fita takaba, amma har lokacin in na zo ƙofar ɗakinsa sai in kasa shiga. Ɗiyata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, don ni ban yi karatun rubutu ba. In na yi shiru ta san kuka ne ya zo, sai ta ajiye biro ta jira ni.

Babban ɗana ne ya ce lokaci ya yi da za a fito da tufafin, masu kyau a raba wa magada, tsofaffin a bayar sadaka. A gidansa muke zaune nan Sabon Birni tun da zaman ƙauye ya gagara muka baro Tozai. Mata uku suka zo taya ni da hantsi. Akwai ƙanwar Malam, wadda duk gidan ke kira Gwaggo. Akwai Hajiya, maƙwabciyarmu ta bayan katanga. Sai Iya, Bayarabiya mai sayar da kwanoni da robobi a bakin kasuwa, wadda ta zo garin nan tana amarya, ga shi yau jikokinta ba su jin Yarabanci sai na zagi.

Iya ta ɗaga labule ta ce, "Salamu alaikum. Ina baiwata? Ta share mani wuri ko sai na yi magana?"

Na ce, "Shigo, mai cin barkono. Wa ya kwance ki tun da safe?"

Wata biyar ba ta kira ni haka ba. Duk zaman takaba "Inna, ya haƙuri" take cewa, ta ɗan zauna, ta tashi ta tafi. Da na ji "baiwata" a bakinta sai na ji iska ta shigo mani ƙirji. Mu Gobirawa da Yarabawa taubasai ne, abokan wasa. A haka na buɗi ido. Ubana yana da wani Bayarabe mai gyaran keke a kasuwa, in sun haɗu sai ɗaya ya fizge hular ɗaya ya ɗora a kansa ya yi tafiyarsa, mai hula ya bi shi da zagi, kasuwa tana dariya. Wata hular ta dawo, wata ba ta dawo ba. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. Abin taubashi in ka ɗauka a gabansa kana dariya, ya zama naka.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro, muka jawo akwatin. Gwaggo ce ke fitarwa, ni ina cewa wannan na rabo ne, wannan na sadaka. Can ta zaro wata tsohuwar riga, wuyanta ya sha faci har uku, gabanta duk tabon baƙin mai.

Ta ce, "Wagga riga tana nan har yau? Da ita Yaya ya kai ni Madawa a babur, shekarar da ɗiyata ta haihu. Muna cikin yashi gefen zanena ya shiga sarƙa. Babur ya tsaya cak, ni na yi gaba, zane ya tsaya baya. Ga raƙuma tafe da Buzaye a bisa. Yaya ya tuɓe rigar ga ya jefo mani, na zura na tsuguna kamar kaza a akurki. Buzayen nan, Allah shi yi masu albarka, kowa ya kau da kai har suka wuce."

Iya ta ce, "Tsoro suka ji, Gwaggo, ba kunya ba."

Gwaggo ta jefe ta da hular Malam. Na ji dariya ta fito mani, ta farko tun da aka fita da shi, har na toshe baki da mayafi.

Hajiya ta ce ita nata a filin jirgi ne, can Saudiyya. "Suka buɗe jakata suka ci karo da daddawa. Balaraben ya toshe hanci ya kira wani, shi ma ya kira wani, suka taru su huɗu suna juya ta da bakin biro. Na ce masu abin miya ne, ba mai jin Hausa. Sai na gutsura na jefa baki. Nan take suka rufe jakar suka ce in tafi. Amma wata 'yar Indunusiya da muke masauki ɗaya, guntuwa haka, tun da ta ɗanɗani miyar kukata kullum sai ta zo da ɗan kwanonta ta tsaya tana murmushi."

Iya ta ce, "Ni ranar da na sauka garin ga aka kawo mani fura a ƙwarya, dunƙule biyu. Na ɗauka tuwonku ne. Na wanke hannu na zauna ina jiran miya. Har la'asar ina jira, ina cewa waɗanga mutane ba su da kirki."

Da dariya ta lafa Gwaggo ta dube ni ta ce, "To matarmu, saura ke. Ba mu na zanen Kurmi."

Wannan labari na ba da shi a gidan biki, na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a bakin rijiya. Duk wanda ya san ni ya san shi. Ranar ma na ba da shi yadda na saba.

Sau ɗaya na taɓa zuwa Kurmi. A lokacin Malam yana kai wake da albasa can, ya dawo da goro. Ƙanwata tana aure a wani zango a ƙasar Yarabawa, ta haihu, na nace sai an tafi da ni suna. Muka hau babbar mota daga Isa, a bisa buhuna, ni kaɗai ce mace cikin fatake. Muka bi Shinkafi, muka bi Gusau, kwana biyu muna tafiya. Tun kafin mu ƙetare babbar gadar Kwara ƙullin kayana ya faɗi a hanya ba wanda ya gani. Kayan barka da zannuwana biyu duk suka tafi. Ya rage daga ni sai zanen da ke jikina.

Bayan gadar da 'yar tafiya, da hantsi, wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar a gefen wani ƙauye. Ga ruwan sama irin wanda ban taɓa gani ba, ba iska ba gargaɗi, kawai ya zubo. Wajen saukowa daga kan buhuna santsi ya kwashe ni, na faɗa cikin jar laka har kunne. Fatake suka juya baya don kunyar Malam. Ina tsaye ina rawar sanyi sai wata mata ta fito daga rumfar da take sayar da abinci, ta kama hannuna, ta ja ni zuwa ɗakinta a bayan rumfar.

Za ta girme ni kaɗan. Doguwa ce, da tsaga uku-uku a kumatu. Ta dubi tsagar Gobirci da ke fuskata, ta taɓa tata, ta yi dariya. Ni kuwa na ce a raina, yawwa, ta gane ni, ta san taubashiyarta ce ta zo.

Ta dafa ruwa, ta ba ni baƙin sabulu na yi wanka. Zanena mai laka ta ɗauka ta wanke da hannunta. Nata na yau da kullum suna kan igiya ruwa ya jiƙe su, ni kuwa haƙorana sai haɗuwa suke yi. Sai ta jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado, ta yi ta fitar da kaya har ta kai ƙasa, ta ɗauko wani zane saƙi mai kauri, ruwan ƙasa da ratsin fari, yana ƙanshin kafur. Da kanta ta ɗaura mani.

Kwana uku muka yi a ƙauyen, direba ya tafi birni neman ƙarfe. Maza suna wajen mota, ni ina wajenta. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ci abinci" ba, ni kuma Yarabancin da na sani na tsokana ne. Ta kawo mani wani baƙin tuwo, na ɗauka lalacewa ya yi, na tura shi gefe. Ta gutsura ta ci a gabana, ta sake turo mani. Miyar ta sa ni hawaye da majina, tana dariya tana miƙo mani ruwa. Na dama mata gumbar da ke jakar Malam, ta kurɓa ta yamutsa fuska. Ina taya ta wanke kwanoni ina ce mata "baiwata", tana cewa "sannu". In na ce, "Ke baiwar Gobirawa ce," ta ce, "Sannu, sannu." Ina ta jin daɗi, ina cewa wannan ta iya wasa, ko musu ba ta yi.

Ranar da aka gyara mota, da safe, ta kawo mani zanena a wanke, a ninke, ya bushe sarai. Na karɓa na cusa a jakar Malam. Ta tsaya tana duban na jikina. Na gane abin da take jira. Na bugi ƙirji na ce, "Wanga na ƙwace. Abin baiwa na uwargijiyarta ne." Na yi dariya, ita ma ta yi 'yar dariya. Direba ya tada mota, Malam ya miƙo hannu ya ja ni bisa. Mota na tashi ta biyo mu da gudu, hannu biyu a sama, tana kira tana nuna zanen. Ni ina bisa buhuna ina kaɗa mata gefensa ina shewa. Fatake suka yi ta dariya, suna cewa Bagobira ta ci Yarabawa da yaƙi. Ta bi mu har wata ƙaramar gada, ɗankwalinta ya faɗi, sa'annan ta tsaya.

A nan nake tsayawa kullum, a nan kuma ake dariya. Ranar ma an yi, har Iya tana cewa, "Ɓarauniya! Da ni ce da na hau motar na tuɓe ki."

Hajiya ta ce, "Ina zanen yake yanzu, Inna? Ni ban taɓa ganinsa ba."

Na ce ya ɓace shekarar da muka baro Tozai. Mun fito ne da abin da hannu ya iya ɗauka, sauran kuwa ko wanda ya koma dubawa bai iske komai ba.

Gwaggo ta ci gaba da fitar da kaya muna hira. Ta kai ƙasan akwati, ta ɗago wata baƙar leda ɗaure da tsumma. Ta ce, "Wanga kuma fa? Halan Yaya likkafani ya aje." Ta kwance. Ƙanshin kafur ya fara fitowa, sa'annan ruwan ƙasa da ratsin fari.

Nan take na gane shi. Ranar da muka baro Tozai jaka ɗaya Malam ya ɗauko. Ya bar babbar rigarsa ta Sallah, ya bar bargonsa, ya bar rediyonsa. Na yi masa faɗa a kan bargon duk sanyin shekarar. Ashe wurin da bargo zai shiga, zanen matar nan ne a ciki.

Iya ta miƙa hannu, Gwaggo ta ba ta. Ta warware shi a cinyarta, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ɗaga shi ta duba a rana.

Ta ce, "Wanga ne zanen?"

Na ce, "Shi ne."

"Shekara nawa ina jin labarin ga ina dariya. Ni na ɗauka atamfar girki ce." Ta shafa shi. "Zaren ga irin na rigar tsamiya ne. Ba a sayen irin wanga don ɗaurin yau da gobe. Uwa ke bar wa ɗiya, ɗiya ta bar wa tata. Ranar aure ake fito da shi, ko ranar da aka rasa babba a gida. Dubi nan, an sake ɗinke shi da wani zare, nan ma da wani. Ya wuce hannu biyu ko uku kafin ya zo gare ta."

Na ce, "To ai wasa ne, Iya. Ta san wasa ne. Ta taɓa tsagarta ta yi mani dariya."

Ta ce, "Inna." Ba ta ce baiwata ba. "A ƙauyenmu ba wanda ya san wasan ga. Ni ma nan na zo na iske shi. Ranar farko da wata ta ce mani baiwa a kasuwa, da kuka na koma gida, mijina ne ya zaunar da ni ya bayyana mani. Waɗanda suka zauna da ku su suka sani. Mai sayar da abinci a bakin hanya, ina za ta sani? Ta ga kina da tsaga, ita ma tana da ita, ta yi dariya. Ta ga baƙuwa tana rawar sanyi, ta ba ta zanen uwarta."

Hajiya ta ce, "Kayya, abin da ya wuce ya wuce. Ai ba da gangan ba ne."

Sai Gwaggo ta ce a hankali, "Mijina, Allah shi ji ƙansa, ya taɓa ce mani akwai wani ƙauye a hanyar Kurmi da in mota ta tsaya cin abinci Yaya ba ya sauka. Sai shi zauna bisa buhuna shi ja rawani shi rufe fuska, shi ce ba shi jin yunwa. Muna cewa halan wani abu ya taɓa ɓata masa ciki a can."

A nan na fashe da kuka, suka ɗauka na Malam ne kaɗai. Nasa ne, amma da wani abu a ciki wanda ban faɗa masu ba a ranar. Za ni faɗa yanzu a rubuta.

Hajiya ta ce ba da gangan ba ne. Rabi gaskiya ne. Lokacin da na bugi ƙirji na ce na ƙwace, wallahi wasa nake yi. Amma lokacin da matar nan ta tsaya a ƙaramar gada, na ga fuskarta. Ba fuskar mai wasa ba ce. Ta ɗora hannu biyu a ka, bakinta a buɗe. Mota ba ta yi nisa ba, da na buga rufi direba zai tsaya. Fatake suna yi mani kirari, ni ce tauraruwar mota, na ji kunyar in ce a tsaya. Duk shekarun da na yi ina ba da labarin nan, a faɗuwar ɗankwali nake tsayawa. Ban taɓa faɗin hannu biyu a ka ba.

Sau uku Malam ya yi mani magana. Na farko a motar, kafin mu kai zango. Ya matso ya ce, "Ke, gudun da matar nan ta yi bai yi kama da na wasa ba." Na ce masa shi bai san wasan mata ba. Da zanen na shiga sunan ƙanwata, aka yi ta yaba shi. Da za mu dawo wata motar muka hau, ba ta tsaya a ƙauyen ba, na ji sanyi a raina.

Na biyu bayan mun dawo, da zai sake tafiya. Ya tsaya a ƙofar ɗakina da jakarsa ya ce, "Kawo zanen nan in mayar, hanyata ce." A lokacin labari ya riga ya zaga Tozai. Mata suna zuwa su ce in nuna masu. Ni da ban taɓa wuce Isa ba, ga ni da abin nunawa daga Kurmi. Na ce, "Ganimata ce. In ka mayar, me za ni nuna wa mutane?" Ya dube ni, ya gyara jakarsa a kafaɗa ya fita. Malam ba mai tilasta wa mutum ba ne. Shekaru da yawa bayan nan yana bin hanyar, kullum da yunwa yake wuce ƙauyen, ni ina gida ina ba mata dariya.

Na uku a cikin ciwon ajalinsa, wata rana da azahar, ina ba shi kunu. Ya ce, "Zanen matar nan." Na ce, "Ya ɓace a Tozai, Malam. Sha ka huta." Ya juya ido wajen akwati, tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kai har ya lafa. Ban tambaye shi me zai ce ba. Ban san abin da ya hana shi gaya mani tun da farko cewa yana wurinsa ba. Ƙila yana jiran ya sami mai zuwa can. Ƙila yana tsoron in sake cewa ganimata ce.

Washegarin ranar da muka buɗe akwatin na aiki ɗana wajen liman. Ya dawo ya ce liman ya ce, haƙƙin wani sai an mayar wa mai shi, in ya rasu a ba magadansa. In an nema an rasa, sai a yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je masa. Amma sai an nema tukuna, nema na gaskiya.

To ta ina za ni fara? Ban san sunanta ba. Kwana uku na yi a ɗakinta ina cin tuwonta, "baiwata" nake kiranta, ban tambaya ba. Ban san sunan ƙauyen ba. Fataken da muka yi tafiyar da su, waɗanda na sani duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ke kaina kaɗai, bayan babbar gada ne da 'yar tafiya, akwai mangwaro babba a kan rumfar, akwai ƙaramar gada a fitar gari.

Na ɗauki zanen na tafi rumfar Iya a kasuwa. Na jira masu saye suka watse, na ajiye shi a kan robobinta. Na ce, "Ke Bayarabiya ce. Karɓi wanga, ki yafe mani a madadinta."

Ta ture shi da bayan hannu. "Ba nawa ba ne. Ta yaya za ni yafe abin da ba ni aka yi wa ba? Don muna yare ɗaya sai in ci haƙƙinta ni ma?" Ta ga idona ya cika, ta sauke murya. "Bayan Babbar Sallah za ni gida, ɗan ƙanena zai yi aure. Hanyar ce. Za ni sauka in duba. Ban yi maki alkawarin komai ba."

Na ninke shi yadda ta nuna mani, na sa sabon kafur, na haɗa da turmin atamfa ɗaya da ɗana ya saya mani na fitar takaba, ban ɗinka ba. Iya ta ce atamfar ba ta da amfani. Na ce ta tafi da ita dai.

Ta fi wata guda ba ta dawo ba. Ranar da ta dawo ko gida ba ta daɗe ba ta shigo da la'asar, ta zauna ta nemi ruwa. Hannunta ba komai.

Ta ce, "Kin wahalshe ni, tsohuwar ga. An faɗaɗa hanya, rumfunan da duk an tashe su. Ƙauye uku na iske masu ƙaramar gada. Mangwaro kuwa ko'ina mangwaro ne. Yini guda ina bisa babur da ƙugun ga nawa. A na farko suka ce in tafi, ba su sayen tsumma. A na biyu wani ya ce kakarsa ce mai shi, na tambaye shi me take sayarwa, ya ce gawayi."

"A na uku fa?"

"A na uku aka kai ni wajen wata tsohuwa mai sayar da doya. Na warware zanen, ta kama baki. Ta ce mai abincin maƙwabciyarta ce, ta daɗe da rasuwa. Ɗiya ɗaya ta bari, tana aure a Ikko, takan zo gida lokaci-lokaci. Tsohuwar ta karɓa ta ce za ta aje mata."

Na ce, "Kin yarda da ita?"

"Ban sani ba, Inna. Zane ne mai daraja, kowa na iya cewa ya san mai shi. Amma kafin in buɗe baki ta ce, Bahausa ce mai tsaga, a motar albasa. Ni ban ambaci albasa ba." Ta kurɓi ruwa. "Sai dai kuma duk motar da ta fito Arewa albasa ce."

Na ce ta gaya mani abin da matar ta ce a kaina, ko zagi ne, ko baki ta yi mani, in ji. Iya ta yi ta juya kofi a hannu.

"Tsohuwar ta ce mutanen ƙauye sun yi ta zagin ki, mai abincin ke hana su. Wani cikin fatake ya gaya mata kayanki sun faɗi a hanya, suna kuma za ki. Sai take cewa baƙuwar kunya ta ji ta shiga taro da tsohon zane, in ta gama za ta aiko. Duk motar Arewa da ta tsaya sai ta fito ta duba ko an ba da saƙo." Ta ajiye kofin. "Ɗiyar kuwa da zanen aro aka kai ta ɗakin miji."

Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Na kwanta a tabarma na juya wa Iya baya, ta zauna tana yi mani fifita har aka kira magariba, ba ta ce mani in yi haƙuri ba.

Tun daga ranar, bayan kowace salla in na roƙa wa Malam gafara sai in haɗa da ita. Ba ni da sunan da za ni kira, sai in ce, ya Allah, matar nan mai abinci, ka san ta. Ina roƙon ya ba ta abin da ya fi zanen, ya sa ta yafe mani a can, ya kuma sauke wa Malam nauyin da ya ɗauka wanda ba nasa ba.

Iya ta bar wa mai doya lambar wayar ɗana a takarda, ta ce in ɗiyar ta zo ta karɓa a kira, ko ba Hausa ita za ta fassara. Na riga na shirya abin da za ni ce mata, gajere ne. An yi damina an yi kaka, ba a kira ba. Ɗana ya ce ƙila takardar ta ɓace, Gwaggo ta ce ƙila tsohuwar ta kai shi kasuwa tun Iya ba ta bar garin ba. Liman ya ce na yi nema, nauyi ya sauka. Ni dai duk sa'ad da wayar ɗana ta yi ƙara a tsakar gida, sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara, har in ji da Hausa ya amsa.